Na Koma Jos Taron 'Yan Kallo

Saƙon ya shigo ne ta zaurenmu na WhatsApp a farkon watan Disamba, daga ma'ajin ƙungiyarmu, yana sanar da cewa za a yi taron shekara a Jos ranar Asabar ta ƙarshen wata, kuma bana yaran da suka shigo zauren daga baya sun nemi a bar su su sa hannu a shirye-shirye. Ƙungiyar da nake magana a kanta ba ta da rajista da hukuma, ba ta da ofis, sunanta ma mun canza shi ya fi sau uku. Asalinta mu ne yaran Gangare da muka tashi muna cika tsakar gidan wani Alhaji dillalin kuza a farkon shekarun 1980 domin kallon talabijin, da muka tasa muka riƙa haɗa kuɗi muna sayen katin zaɓe muna aika gaisuwa gidan rediyo, muna kuma rubuta wasiƙar koke duk ranar da aka yanke mana wasan kwaikwayo saboda wani dogon jawabi. Na bar Jos da iyalina na koma Kano bayan rikicin watan Satumbar 2001, kuma tun daga lokacin sau biyu kawai na halarci taron. Da uwargidana ta ji zan yi tafiyar kusan kilomita 300 a tsakiyar hunturu saboda wasannin da yawancin 'yan wasansu sun riga mu gidan gaskiya, dariya kawai ta yi, ta ciro mini rigar sanyi daga ƙasan akwati.

Na isa tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba ranar Juma'a, na biya naira 13,000 a wata Sharon da ta ga jiya ta ga yau, aka cusa mu huɗu a kujerar da aka yi domin mutum uku, ba mu tashi ba sai wajen bakwai da rabi. Daga Kano zuwa Kwanar Dangora babu abin ba da labari, hazo ne da tireloli. Sai da muka karya hagu muka wuce Tudun Wada muka doshi dajin Falgore motar ta yi tsit, domin duk wanda ya saba bin hanyar ya san sunan da dajin ya yi a shekarun baya, ko da yake yanzu shingayen sojoji sun sa hankali ya ɗan kwanta.

A kusa da ni wata budurwa ce da za ta biki Bukuru, wadda tun daga tasha idonta yake kan waya, da abin sauraro toshe a kunne, tana kallon wani shiri mai dogon zango. Da muka kusa shingen farko na cikin dajin direba ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a a ajiye waya," ita kuma garin sauri ta fizge igiyar abin sauraron, sautin ya fashe a cikin mota, muryar wata mace tana kuka tana rantsuwar ba za ta koma gidan miji ba. Muna wuce shingen wata Hajiya daga kujerar baya ta miƙo kai ta ce, "'Yan mata, kashi na nawa ne wannan?" Daga nan har muka fita daga dajin ba a sake tuna wani ɗan fashi ba. Mutum bakwai da ba su taɓa ganin juna ba suka rabu gida biyu a kan ko matar nan tana da gaskiya, har direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana ba da fatawa. Ni da ban san shirin ba na zauna ina sauraro, sai na lura cewa kalmar da ta fi yawo a cikin motar ita ce, "Don Allah kar ki faɗa mini, ban kai nan ba." Kowannensu shi kaɗai ya kalla, a wayarsa, a lokacin da ya ga dama, kuma babu mutum biyu da suka tsaya a wuri guda. A zamaninmu wannan magana ba ta da mazauni, saboda wanda aka aika sayen kananzir a daren da aka nuna wasa ya rasa shi ke nan har abada, kuma yaron da ya iya maimaita labari da kwaikwayon murya washegari a makaranta yana da daraja irin ta mai rijiya a lokacin fari.

Mun tsaya a Saminaka a gefen tulin buhunan masara, na sha shayi da burodi da ƙwai na naira 1,500. Daga Jingir hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara ɗora wa juna, sanyi ya shigo ta gilashin da ba ya rufuwa, na gode wa uwargida a zuciyata. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma hunturunta ba irin na Kano ba ne da rana ke kora da hantsi, yana bin mutum har cikin ƙashi. Na ƙirga shinge goma sha ɗaya tsakanin Kwanar Dangora da Farin Gada, inda warin kabeji da ɗanyen karas da ake lodawa a manyan motoci ya tabbatar mini na iso. Na samu sallar Juma'a da kyar, sannan na hau Keke na naira 400 zuwa masaukina.

Ma'ajin ne ya sauke ni, wanda nake kira Yaya tun muna yara saboda ya girme ni da shekara shida. Tsohon akawu ne a hukumar jiragen ƙasa, kuma har yau ba ya kashe sisin kwabo bai rubuta ba. Matarsa ta kawo gwaten acca mai zafi da ganye a ciki, abincin da na yi shekaru ina kwatanta wa 'ya'yana a Kano ba su gane ba, na ci har na ji kunya. Bayan isha'i, muna zaune da kaskon gawayi a tsakaninmu, ya tashi ya buɗe wata adaka ya ciro littafin ƙungiya.

Littafi ne dogo mai baƙin bango, irin na akawun kanti, gefensa ya sha ɗinki da zare. Shafin farko yana ɗauke da shekarar 1984 da sunaye 41, kowa da kwabo hamsin a wata. Na bi ginshiƙan kashe kuɗi da yatsa, na ga a shekarun farko babu komai sai kan sarki da ambulan da katin zaɓe da cajin batirin motar da muke haɗa wa akwatin talabijin idan an ɗauke wuta. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai ginshiƙan suka sauya ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar sauya su ba: gudummawar aure, ragon suna, kuɗin asibiti, sannan a shafukan baya-bayan nan likkafani da ta'aziyya. Wasannin da suka haɗa mu sun ƙare tun da daɗewa, gidan Alhajin ma an sayar, amma littafin bai tsaya ba ko na shekara ɗaya. Sunaye 17 an ja musu jan layi, su ne waɗanda suka rasu. Akwai kuma wasu tara, 'yan'uwanmu Kiristoci da muka yi zaman tabarma ɗaya da su, waɗanda gurbin biyansu yake fari fat tun daga 2001, lokacin da garin ya tsage kowa ya koma unguwar da ya fi jin zai kwana da ido biyu rufe. Na tambaye shi me ya sa bai cire su ba. Ya ce, "Ai babu wanda ya zo ya ce mini ya fita."

Da safe na zaga Gangare da ƙafa, na tarar an yi shaguna a inda tsakar gidan take, ɗaya ma na masu tura finafinai a waya ne, yara sun yi layi da katin ajiya a hannu. Na wuce ta Taminus na kalli kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002. Ina tafe ina tunanin abin da mutanen Kano ba sa yarda da shi idan na faɗa, wato cewa a harkar talabijin Jos ta riga garuruwa da yawa. Gidan talabijin na tsohuwar jihar Binuwai-Filato ne ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. A nan kwalejin koyon aikin talabijin take, a Rayfield, a nan kuma hedikwatar hukumar finafinai ta ƙasa take. A kewayen Jos aka ɗauki Cock Crow at Dawn a 1980, wasan manoma da marigayi Sadiq Daba da marigayi Ƙasimu Yero suka fito a ciki, wanda duk ƙasar ke jira. Karkuzu na Bodara kuwa ɗan gari ne, a lokacin ana iya cin karo da shi a hanya. Wannan ya sa mu ba mu taɓa tunanin shirya taro domin ganin ɗan wasa ba, tunda wanda za ka gaisa da shi a bakin masallaci ba ka buƙatar hayar zaure kafin ka gan shi.

An yi taron a ɗakin taron wata makaranta mai zaman kanta, an yi hayar kujeru sittin kamar yadda aka saba, sai ga mutane sun haura ɗari da hamsin, aka shiga kwaso bencina daga azuzuwa. Ba a tsara wurin zama ba, amma jama'a suka jeru da kansu kamar an tace su. A gaba mu ne masu furfura, da rigunan sanyi a ƙarƙashin babbar riga. A tsakiya 'yan zamanin kaset ɗin bidiyo ne, waɗanda suka girma suna aika wasiƙu shafin masu karatu na mujallar Fim bayan fitowarta a 1999, suna kafa kulob na masoyan wannan jarumi ko waccan jaruma. A baya da jikin bango kuwa yara ne, kowa da waya a ɗage. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mata sun fi rabin ɗakin, alhali a sunaye 41 na littafin Yaya babu mace ko ɗaya, domin ƙannenmu mata daga bayan labule suke leƙen akwatin, kuma ba mu taɓa jin akwai wani abu a cikin hakan ba.

Ana cikin gaishe-gaishe sai ga wani saurayi ya fito daga bayan ɗakin da kaki da ƙaton gashin baki na auduga da aka rina, yana taku yana kwaɓa Hausa da Turancin bariki irin na Samanja Mazan Fama. Ɗakin ya kaure da shewa, wani dattijo a gefena ya yi dariya har ya share hawaye. Yaron nan bai kai shekara 25 ba, bai taɓa ganin Samanja na asali, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, a akwatin talabijin ba, a guntayen bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok ya haddace shi. Da na tambaye shi daga baya yadda ya ratso gari da kaki, ya ce, "Baba, a leda na ƙunso shi, a ban ɗaki na sa, ni ba na neman tsallen kwaɗo."

Babban abin da aka ajiye wa ranar shi ne wani kaset da ɗaya daga cikinmu ya naɗa daga talabijin a 1988. An kawo tsohuwar na'urar bidiyo, an tayar da janareta, an rufe tagogi. Hoto ya fito na kamar daƙiƙa ashirin, muka ga wata fuska da muka sani cikin ruwan ɗigo-ɗigo, ɗakin ya yi wani irin nishi tare, sai na'urar ta yi ƙara ta cinye zaren. Da aka buɗe aka tarar farin fumfuna ya bi kaset ɗin gaba ɗaya. Mai shi ya zauna da shi a cinya bai ce uffan ba, kuma a cikin wannan shirun ne wani ɗalibin makarantar koyon fim ya nemi izinin magana.

Ya fara da "Iyayena, a yi mini afuwa," sannan ya ba da labarin da ni ɗan Jos ban sani ba sai ranar. Ya ce akwai wani shiri na BBC mai suna Doctor Who da aka fara a Ingila a 1963, wanda tashar ta goge faya-fayansa da dama a wancan zamani domin ta sake amfani da su, har yau akwai fitowa fiye da guda 90 na shirin da ba a san inda hotunansu suke ba. Sautinsu kuwa bai ɓata ba, saboda wasu masoya sun riƙa kara rikoda a jikin akwatin talabijin a gidajensu suna naɗa. A 2013 aka sanar da cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin faya-fayai, Philip Morris, ya gano guda tara daga cikin ɓatattun, kuma a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a nan Jos ya tarar da su a kan kanta. Ya ce, "Su sun taso daga Ingila sun zo garinmu sun samo nasu, mu namu yana ruɓewa a cikin adaka." Bayan haka ya gabatar da buƙatar matasa: baɗi a kama babban zaure, a sayar da tikitin shiga naira 2,000, a ware tebur na manyan baƙi, a nemi kamfanin da zai ɗauki nauyi, a biya wani jarumi daga Kano ya zo, a watsa kai tsaye ta intanet, ribar kuma a kashe ta wajen neman tsofaffin kaset a mayar da su cikin kwamfuta.

Ya kafa hujja da Amurka. Ya ce shirin Star Trek da aka fara a 1966 an so a dakatar da shi, masoyansa suka yi wa tashar NBC ruwan wasiƙu a 1968 har aka ƙara masa zango guda, kuma bayan an rufe shi a 1969 ba su watse ba, suka ci gaba da buga 'yan mujallunsu da kansu, har a watan Janairun 1972 suka kira taro a wani otal a birnin Niyok suna tsammanin 'yan ɗaruruwa, sai mutum kusan 3,000 suka hallara. Taron San Diyego kuma da ya fara a 1970 da mutum kusan 300, yau yana tara fiye da 130,000. Ko a Legas, in ji shi, tun 2012 ake yin irinsa na masoya zane-zanen barkwanci da finafinai, shi ma ya je ya gani da idonsa.

Shugaban ƙungiya ya bar shi ya gama, sannan ya gyara hularsa ya ce, "Ɗana, mu tun da muke ba mu taɓa sayar wa ɗan'uwanmu kujera ba. Wanda ya biya kuɗi a ƙofa baƙo ne, idan ya fita ba ka da haƙƙi a kansa, shi ma ba shi da haƙƙi a kanka." Aka yi ta ja-in-ja fiye da awa ɗaya. Ni dai na ga labarin da yaron ya kawo takobi ne mai kaifi biyu, kuma ya nuna mana gefe ɗaya ne kawai. Waɗanda suka shirya tarukan farko a Amurka masoya ne masu aikin sa-kai, amma da aka ga akwai kuɗi a ciki kamfanoni suka karɓe ragamar manyan tarukan, har aka kai mutum ya biya kuɗin shiga, ya sake biya domin a sa masa hannu a hoto, ya sake biya domin ya tsaya kusa da jarumi na ɗan lokacin da za a ɗauki hoto a ce na baya ya matso. Manyan kamfanonin fim kuma suka mayar da dandalin wurin tallar abin da za su fitar baɗi. Na faɗi haka a taƙaice da aka ba ni dama, dattawa suka gyaɗa kai, na zauna ina jin na yi abin kirki.

Wata matashiya ce ta sauke mini girman kan. Ta miƙe daga baya, ta ce ita malamar asibiti ce, kuma tana neman gafarar iyaye, amma tana so a tuna yadda aka ji halin da Baba Karkuzu ya shiga a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ciwo da rashi suka haɗu masa. Bidiyonsa ne ya zaga wayoyi, ya isa ga ɗan ƙwallo Ahmed Musa, wanda shi ma haifaffen Jos ne, har ya saya masa gida kafin rasuwarsa a 2025. Ta ce, "Baba, waɗannan wayoyin da kuke cewa sun raba mu, su ne suka kai kukansa inda aka share masa hawaye." Ban sami abin cewa ba, domin ni kaina, da nake tutiyar ina cikin masoyansa na asali, a wayar ɗana na ga wannan bidiyo a Kano.

Amma ita ɗin ce kuma, da muka zauna cin shinkafa bayan la'asar, ta faɗa mini abin da ya ba shugaba gaskiya. Ta ce bayan da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014 ta fara bin shirin Daɗin Kowa, zuwa yau ta shiga zauren masoya ya fi shida, wasu da mutum dubbai, kuma duk wanda shirinsa ya ƙare zauren yakan mutu cikin makonni, ya koma wurin tallar atamfa da turare. Ta ce a wasu zaurukan aikin ke nan zagin masoyan wani jarumi domin kare wani, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, jaruman kuma suna can suna cin abinci a kwano ɗaya. Duk da haka suna da wani ƙarfi da mu ba mu taɓa mafarkinsa ba. Mu mukan aika wasiƙa mu yi wata muna kasa kunne ko za a ambaci sunanmu, su kuwa suna zuba ra'ayi a ƙarƙashin shiri a YouTube minti kaɗan bayan an sake shi, kuma mai shirin yana karantawa, saboda yawan kallonsu ne abincinsa. Na tambaye ta to me ya kawo ta cikin tsofaffi. Ta ce lokacin da mahaifinta ya rasu, wanda sunansa ke cikin masu jan layi, wasu dattawa uku da ba ta sani ba sun zo da ambulan, kuma sun sake dawowa ranar arba'in.

An tashi ba tare da kowa ya samu duk abin da yake so ba. Ba za a sayar da tikiti ba, ba kuma za a biya jarumi ba, wanda ya ga dama ya zo a ba shi kujera kamar kowa. An yarda matasa su watsa taron baɗi ta intanet, su karɓi kuɗin rumfa daga masu sayar da abinci a waje, su kuma bi gida-gida neman tsofaffin kaset. An buɗe rajista ga mata da yara a kan naira 500 a wata, ana iya turawa ta waya, amma Yaya ya kafe cewa kuɗin da bai shiga littafi da biro ba bai shigo ba.

Gab da magariba, ana tattara kujeru, wani mutum mai sanda ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. Sai da ya yi magana na gane shi, ɗaya ne daga cikin taran nan, wanda a da shi ne gwanin hawa rufin kwano ya juya eriya muna ihu daga ƙasa muna cewa ya yi ko bai yi ba. Jikarsa ce ta ga hoton saurayin mai gashin bakin auduga a Facebook da rana, ta nuna masa, ya gane fuskokinmu a bayan hoton, ya hau Keke daga can ɗaya gefen garin. Bayan an gama rungume-rungume ya juya wurin ma'aji ya ce, da Hausarsa ta Jos da ba ta canza ba, "Yaya, nawa ake bi na?" Yaya ya sa tabarau, ya buɗe littafin, ya yi ta lissafi da gaske a gefen shafi, domin kuɗin wata ya canza sau da yawa a cikin shekarun. Mai sandan bai tsaya cin abinci ba, ya ce yana so ya koma kafin duhu, mu ma ba mu matsa masa ba, muka raka shi bakin titi.

Na kwana na biyu da ciwon maƙogwaro saboda sanyi da surutu. Ranar Lahadi da safe na tsaya Farin Gada na sayi kwandon dankalin Turawa da kabeji da karas na tsaraba a kan naira 9,000, abin da zai ci kusan ninki a kasuwar 'Yankaba, sai dai ɗan kamasho ya karɓi naira 1,000 na kaya. Gaba ɗaya tafiyar ta ci mini abin da bai kai naira 45,000 ba, tunda masauki da abinci na Yaya ne. Motar dawowa ta yi faci sau ɗaya kafin Saminaka, in ban da haka lafiya lau.

A cikin Falgore babu sabis, sai da muka fito wajen Tudun Wada wayata ta fara kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Saƙo fiye da ɗari biyu ne a zaure, yawancinsu hotuna, har da shafin farko na littafin da wani yaro ya ɗauka ya watsa, Yaya kuma yana ta faɗa a saƙon murya cewa ba a nemi izininsa ba. A can ƙasa na ga saƙon ɗalibin nan yana cewa ya kai kaset ɗin wurin wani mai gyaran rediyo a Dilimi, mutumin ya warware zaren yana goge shi da auduga taku-taku, ya ce wataƙila a ceto minti goma na tsakiya, kuma aikin naira 6,000 ne. Na tura masa 2,000 daga cikin mota, na rubuta wa Yaya cewa ya shigar a littafi.